Darasi Na Goma Sha Huɗu: Sakaya Zance A Turanci

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu, ko a Yankwashi aka binne cibiyarsa, ko a Roni, ko Gwiwa, ko cikin garin Kazaure, ko kuwa can gabas wajen Babura, tun kafin ya iya riƙe fartanya ya riga ya san akwai maganar da ba a fito da ita tsirara a gaban manya, akwai sunan da ba a kira, akwai kuma labarin da ba a isar da shi sai an yi masa sutura. Wannan ladabi shi muke kira sakaya zance, ku kuwa da kuka zo wannan aji da furfurarku, wasunku da 'ya'ya, wasu har da jikoki, kun fi littafin nan saninsa a Hausa. Abin da ya rage shi ne mu san Turanci ma yana da tasa sakayar, domin mutumin da ya san ma'anar kowace kalma da ke cikin takarda ɗaya bayan ɗaya, amma bai san inda mai rubutu ya lulluɓe nufinsa ba, yana iya karanta takardar kora daga aiki ya zaci ta godiya ce.

Mu fara da abin da muke da shi a gida, mu kuma fara da mutuwa, tun da ita ce mafi nauyin abin da harshe ke ɗauka. Mai ladabi ba ya cika cewa wane ya mutu, sai ya ce Allah ya yi masa rasuwa, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko wa'adi ya cika, ko rai ya yi halinsa. Idan jariri ne sai a ce ya koma, idan kuwa babban malami ne ake ba da tarihinsa sai a ambaci shekarar wafatinsa. In aka yi rasuwa da asuba a Achilafiya, ɗan mamacin kuwa yana rumfarsa a Kantin Kwari, ƙanen da ya kira shi a waya ba zai jefa masa labarin kamar dutse ba, sai ya gaishe shi tukuna, sa'an nan ya ce, "Yaya, Baffa ya ce ka taso yanzu, jikin Baba ne." Sau da yawa wanda aka gaya wa ya gane, wanda ya faɗa ma ya san an gane, sai dai an bar wa bawan Allah tsawon hanyar Kano zuwa Kazaure ya shirya zuciyarsa, ya yi ta maimaita istirja'i a cikin mota, har ya iso ya tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Haka abin yake ga sha'anin iyali. Mace tana da juna biyu, in lokaci ya yi a ce ta sauka, a yi wa maigida barka da samun ƙaruwa. In ba ta yi salla ba a ce tana fashin salla. Mutum ya tashi daga majalisa ya ce zai kewaya, ko zai kama ruwa, ba mai tambayarsa ina za shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, matar kirki ta dā ba ta kiran sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa sai ya tashi ana ce masa Abba har ya tsufa. A ƙasar Kazaure, inda gidan sarauta ya samo asali daga Ɗan Tunku tun 1819, inda kuma Hausawa da Fulani suka cuɗanya ta aure da maƙwabtaka, wannan alkunya ta ƙara kauri da fulako, har takan kai baƙo ya kwana da yunwa don kada ya ce yana jin yunwa.

Malamanmu ba su bar wannan fanni ba suna ba. A ilmin balaga suna kiransa kinaya, wato ka ambaci abu kana nufin abin da ke lazimtarsa, suna kuma da ɗan'uwansa ta'aridi, wato ka gitta magana ta gefe mai hankali ya fahimta. Abu Mansur Assa'alibi, mutumin Naisabur, wanda ya rasu a shekara ta 429 ta Hijira, daidai da 1038, ya wallafa littafi sukutum a kan kinaya da ta'aridi. Alƙur'ani mai girma kansa ya koya mana wannan ladabi: kalmar da ta zo a ayar taimama ta Suratul Ma'ida game da biyan buƙata, asalin ma'anarta a Larabci kwari ne, wato ƙasa mai gangare inda mutum kan je ya ɓuya daga idon jama'a; a Suratul Baƙara kuma an hana ɗaura aure da macen da ke cikin takaba, amma an ɗauke laifi daga wanda ya gitta mata maganar aure ba tare da ya fito fili ba. Saboda haka in kun ji Bature yana kewaye-kewaye, kada ku zaci wata wayewa ce da ya zo mana da ita a jirgin ruwa.

To, me ya sa za mu wahalar da kanmu da nasa? Dalili shi ne, tun daga ajujuwan Yaƙi da Jahilci na farkon shekarun 1950, waɗanda Malam Ahmadu Kumasi ya jagoranta a Jihar Arewa, har zuwa hukumar ilmin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, lokacin muna cikin Jihar Kano, har kuma aka yanke mana Jigawa a 1991, babbar manufar koya wa baligi karatu ita ce kada ya miƙa wa wani sirrinsa ya karanta masa. Alhali kuwa takardar asibiti, da ta banki, da ta kotu, da ta sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Karkarna, galibinsu da Turanci suke zuwa. Turawa suna kiran wannan salo "euphemism", kalmar da suka aro daga Girkanci mai ma'anar kyakkyawar magana, kuma ba lalle ne ku haddace sunan ba, muddin kun gane abin in ya zo.

A wajen mutuwa, abin da za ku fi ji shi ne "he passed away", ma'ana ya shuɗe, daidai da namu ya rasu, shi ne kuma ya kamata ku rubuta in kuna neman izinin zuwa jana'iza a wajen shugaban aiki, ko kuna yi wa abokin ciniki mutumin Kudu ta'aziyya. Marigayi shi ne "the late", ana sa shi kafin suna. A nan akwai ɗan tarko: a Turancinmu na Nijeriya mutum kan ce mahaifinsa "is late" yana nufin ya rasu, amma in ka faɗa wa mutumin Ingila haka, zai iya ɗauka tsohon makara ya yi, yana nan tafe. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne abin da likita kan faɗa in ya fito daga ɗakin tiyata, ya sunkuyar da kai, ya ce "we lost him", ko ya ce "he didn't make it". Na farkon, in aka bi shi kalma-kalma, cewa ya yi mun ɓatar da shi, na biyun kuwa bai kai ba. Dukkansu ma'anarsu ɗaya ce, rai ya yi halinsa, kuma bai kamata ɗan'uwan mamaci ya tsaya yana tambayar ina ya ɓace ba, har a tilasta wa likita ya maimaita masa da kalmar da yake gudu.

Na sha'anin jiki suna da sauƙi, ba sai mun daɗe a kansu ba. Mai son kewayawa a ofis ya ce "I want to ease myself", kowa a ƙasar nan zai gane, ko ya tambayi ina "restroom" yake, wanda lafazinsa ɗakin hutu ne amma ba mai zuwa can don ya huta. Mai juna biyu "she is expecting", wato tana sauraro; in ta sauka, 'yan Nijeriya kan ce "she has put to bed", ko da yake a Ingila wannan lafazin kwantar da yaro barci yake nufi. Abin lura a nan shi ne kalmar sakaya tana tsufa, kamar farar ƙasar da aka shafe ɗaki da ita, wadda in damina ta zaga sai an sake shafawa. Kalmar "toilet" da yanzu wasu ke jin nauyin faɗinta a gaban baƙi, asalinta daga Faransanci take, sunan ɗan ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin kwalliya ne, da ita aka rufe wata kalmar da ta riga ta ɓaci. Mu ma haka muka bar shadda da salga muka koma bayan gida, da bayan gida ya fara wari a kunne muka koma banɗaki da makewayi.

Akwai wani kashi wanda hukuma ce da kanta ta sauya sunaye, kuma ya wajaba mai rubuta takardar koke ya bi sabon suna. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Lafazin da dokar ta yi amfani da shi, wanda kuma ya kamata ku riƙe, shi ne "persons with disabilities", inda aka gabatar da mutum a kan lalurarsa, a rediyo kuwa kuna jin ana cewa masu buƙata ta musamman. A watan Agusta na 2019 ɗin aka sauya sunan hukumar gidajen yari, gidan yari ya koma "custodial centre", a Hausa gidan gyaran hali. Tsofaffi su ne "senior citizens", wato dattawan ƙasa. Wanda aka kai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau ba a ce masa "mad", sai a ce yana fama da "mental illness", kamar yadda muke cewa taɓin hankali muna gudun kalmar hauka. Ni a ganina waɗannan sunaye alheri ne, domin suna kan bi mutum har cikin zuciyarsa, yaron da aka tashe shi ana kiransa gurgu a makaranta daban yake da wanda aka kira da sunan yanka. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, sauya allon da ke ƙofar gidan yari bai ƙara wa ɗakunan faɗi ba, dattijon ƙasa kuma da ya yi wata da watanni yana jiran fansho, sunan bai taɓa sa masa tukunya a wuta ba.

Yanzu mu zo ga takardun ofis, inda aka fi yi wa mai sabon karatu kwanton ɓauna. Duk takardar da ta buɗe da "we regret to inform you", wato muna baƙin cikin sanar da kai, to, ka zauna kafin ka ƙarasa, domin abin da ka nema ba ka samu ba. In an ce nemanka "was not successful", an ƙi ka ke nan, amma an jingina ƙin ga takardar, ba a ce wane ne ya ƙi ba. In bayan ganawar neman aiki aka ce "we will get back to you", ma'ana za mu neme ka, sau da yawa wannan shi ne irin namu na sai Allah ya kai mu, wanda mai bashi kan ji ya san ba yau ba. Mafi zafinsu shi ne "your services are no longer required", wanda lafazinsa ba a ƙara buƙatar hidimarka, haƙiƙaninsa kuwa an sallame ka. 'Yan'uwansa su ne "retrenchment" da "rationalisation" da "disengagement", duk rage ma'aikata suke nufi. Dattawan da suka yi aikin gwamnati suna tuna 1975, bayan Janar Murtala Muhammad ya hau mulki, lokacin da aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu a rediyo suka ji an yi musu ritaya nan take, ritayar da ba su nema ba. Bambancin waɗannan lafuzza yana da muhimmanci ga aljihu: wanda aka yi wa "retirement" yana da haƙƙin fansho, wanda aka rubuta wa "dismissal" kuwa kora ce ta laifi, yakan rasa haƙƙoƙinsa, saboda haka kada mutum ya sa hannu a takarda sai ya tabbatar wacce daga ciki aka rubuta masa.

A nan ne za mu rarrabe tsakanin sakaya iri biyu, waɗanda lafazinsu ya yi kama amma hukuncinsu ya saɓa, kuma wannan shi ne ƙashin bayan darasinmu. Akwai wadda ake yi don a suturta wanda ake magana da shi ko wanda ake magana a kansa, akwai kuma wadda mai magana ke yi don ya suturta nasa laifin. Lokacin da sojojin Turawa ƙarƙashin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli tare da jama'a masu yawa, sunan da littattafan Turawa suka ba wannan aiki shi ne "pacification", wato kwantar da tarzoma da shimfiɗa zaman lafiya, ƙasar da aka ci da bindiga kuma aka kira ta "protectorate", ƙasar da ake bai wa kariya, alhali ba wanda ya aika musu yana neman a kare shi. Wani marubucinsu mai suna George Orwell ya yi kuka da wannan ɗabi'a a wata maƙala a 1946, yana mai nuna yadda masu mulki ke zaɓen kalma mai laushi don kada mai sauraro ya ga hoton abin da aka aikata. Ba Turawa kaɗai ke da wannan hali ba. Mun ga ƙarin kuɗin mai ana kiransa "appropriate pricing", wato sa farashin da ya dace. Mun ga cin hanci yana yawo da sunan "kola", wanda ba kowa ya ba shi wannan riga ba sai mu da muke cewa a ba da na goro. Wanda ya nemi na goro kafin ya sa hannu a takardar marayu, ko da wane harshe ya nema, rashawa ya nema, hukuncinta kuma bai sauya ba.

Sa'an nan akwai wurare biyu inda ko sakayar kirki ma sai a ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi, su ne gaban alƙali da gaban likita. Malaman fiƙihu sun raba lafazin saki zuwa sarihi da kinaya, suka kuma raba kinayar zuwa bayyananniya da ɓoyayyiya, domin mutumin da ya ce wa matarsa ta tafi gidansu, dole alƙali ya tsare shi da tambaya a kan abin da ya yi niyya, tun da halaccin zama da nasabar 'ya'ya sun rataya a kan amsar. Imamu Malik har ya tafi a kan cewa wanda ya yi wa wani ƙazafi ta hanyar gugar zana, in nufinsa ya bayyana, haddi ya hau kansa kamar wanda ya faɗa ƙarara. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba, Risala da sauran littattafan da ake karantawa a zaurukanmu kuwa sun ambaci haila da janaba da sunayensu.

A asibiti ma haka ya kamata. Mata da yawa kan ce suna da ciwon sanyi, a Turancin kasuwa kuma "toilet infection", alhali likitoci suna cewa galibin waɗannan cututtuka ba daga makewayi ake ɗaukarsu ba, wasunsu ma ba sa warkewa sai an yi wa miji da mata magani tare. Sunan ya rufe kunya, ya kuma rufe hanyar magani. Matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari sukan yi shekaru a ƙuryar ɗaki ana cewa ba su da lafiya kawai, alhali a cikin jihar nan, a babban asibitin Jahun, tun 2008 ƙungiyar likitocin nan Na-gari Na-kowa take aikin gyaran wannan lalura kyauta, akwai kuma asibitin Babbar Ruga a Katsina. Ban ce kowace sassautawa a harkar lafiya ɓarna ce ba: da ma'aikatan lafiya suka bar cewa ƙayyade iyali suka koma tazarar haihuwa, a Turanci "child spacing", magidanta da dama da a dā suke tashi su bar wurin sun zauna sun saurara, domin sabon sunan ya fi kusa da abin da iyayenmu mata suka sani na shayarwa shekara biyu. Cuta mai karya garkuwar jiki ma ta fi ƙanjamau adalci ga mai ɗauke da ita, tun da mai shan magani a kan ƙa'ida ba ya ƙanjamewa. Amma in likita ya dubi hoto ya ce ya ga "a growth" ko "a mass", wato wani tsiro ko ƙulli, to, wannan yana iya zama abu mai sauƙi, yana kuma iya zama ciwon daji, kuma haƙƙinka ne ka san wanne ne. Ka ce masa, "Please, doctor, tell me plainly what you mean," ko kuwa, in Bahaushe ne, "Likita, Allah ya taimake ka, faɗa mini a fili, zan iya ɗauka." Tsohuwar da ta raka surukarta kuma, in ta ga yarinyar ta sunkuyar da kai ta kasa magana a gabanta, hikima ita ce ta ce, "'Yar nan, bari in je in sha iska," ta ba su wuri.

Aikin da za ku yi kafin haɗuwarmu ta gaba kashi uku ne. Kowa ya rubuta gajeriyar wasiƙa da Turanci, wadda ba ta wuce layi 5 ba, zuwa ga shugaban aikinsa ko malamin makarantar ɗansa, yana sanar da rasuwar wani dattijo a gidansu, yana kuma neman izinin kwana uku na zaman makoki, ba tare da kalmar "died" ta fito a ciki ba. Bayan haka ku kasa kunne ga labarun rediyo na mako guda, na Hausa da na Turanci, duk lafazin da kuka ji an sakaya ku rubuta shi, ku kuma rubuta a gefensa wa aka suturta da shi, wanda ake magana a kansa ne ko mai maganar. Inda kuka yi saɓani za mu tattauna a aji, ina kuma sa ran za a yi saɓani a kan gidan gyaran hali. Na ƙarshe, wanda yake da tsohuwar takardar asibiti ko ta ofis da ya ajiye bai gama fahimtarta ba, ya zo da ita, amma ya naɗe wajen sunan ko ya liƙa masa takarda kafin ya miƙo.